Yayan Mai Fiyano

Sau biyu Rilwanu yana kashe wa matar waya. A karo na uku ta riga shi magana. Ta ce, "Malam, kafin ka kashe ka ji guda ɗaya. Fim ɗin nan zai fita, da kai ko ba kai. In ka ƙi magana zan rubuta a ƙarshensa cewa dangi sun ƙi cewa komai, masu kallo kuma su cike gurbin da abin da suka ga dama."

Ya daɗe riƙe da wayar yana huci, sannan ya ce ta zo ranar Talata bayan la'asar.

Sunanta Fatna, Bahaushiyar Sudan ce da ta karanci harkar fim a Alƙahira. A shekarar nan ta 2012 duk wanda ya mallaki kyamara ya fito titi neman labari, ita kuwa nata labarin a wani ɗaki ta same shi, can saman wani tsohon bene a unguwar Abbasiyya. Labarin shi ne Ishaq, ƙanen Rilwanu uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan malami daga Malumfashi da aka turo karatun addini ya ɓuge da kiɗan fiyano. Fim ɗin ba na wasan kwaikwayo ba ne, irin wanda ake bin mutum da kyamara ne ana ɗaukar rayuwarsa yadda take. Wata biyar ke nan tana bin Ishaq, saura ta ji daga bakin dangi.

Rilwanu yana digiri na biyu a fannin nahawu, shekararsa tara a Masar. Lokacin da Ishaq ya iso yana ɗan shekara goma sha bakwai, mahaifinsu Malam Ya'ƙub ya kira ya ce, "Ga amana nan na ba ka." Shekarar farko lafiya lau. Da Larabcin Ishaq ya zauna, Rilwanu da kansa ya samo masa aikin tafinta ga 'yan Najeriya masu zuwa ganin likita a unguwar Masar Jadida. A benen da likitan yake, hawa na uku, akwai wata tsohuwa mai suna Madam Afaf da ke koya wa yara fiyano. Ishaq ya riƙa zama a matattakala yana saurare idan an gama da marasa lafiya. Wata rana ta buɗe ƙofa ta gan shi, ta ce ko ya shigo ko ya daina tare mata hanya. Ya shiga.

Daga nan karatu ya lalace. Ya faɗi jarrabawa, ya maimaita shekara, ya sake faɗuwa, aka sallame shi. Ya sayo tsohon fiyano na lantarki ya ajiye a ɗakin da suke kwana su huɗu a unguwar Hay el-Sabi', ya sa abin ji a kunne don kada ya dami kowa, amma ƙwas-ƙwas ɗin yatsunsa a kan maɓallai ba ya ƙarewa daga safe har yamma. Rilwanu ya yi nasiha, ya yi faɗa, ya kai ƙara gida. Malam Ya'ƙub ya daina ɗaukar wayar Ishaq. Ranar da takardar sallama ta fito, Rilwanu ya dawo ya tarar da shi yana ta ƙwas-ƙwas kamar ba abin da ya faru. Ya fizge fiyanon ya wurga shi ƙasa ta tsakar matattakala, daga hawa na huɗu. Ishaq ya sauka ya tsince ɓaraguzan a buhu, ya haɗa kayansa ya tafi. Shekara guda da rabi ke nan ba su haɗa ido ba.

Ranar Talata Fatna ta zo da mai ɗaukar hoto, wani Bamisire mai suna Hussain. Ba ta jira an nuna mata wurin zama ba ta fara juya falon. Ta sa aka janye labule, aka ɗauke tabarmar cin abinci, aka jawo kujera gaban kantar littattafai. Rilwanu ya sa farar jallabiyarsa ya taje gemu. Ya lura Hussain ya dasa kyamarar ƙasa-ƙasa tana kallon haɓarsa, amma bai san abin da hakan ke nufi ba, bai kuma tambaya ba.

"Malam, kiɗa haramun ne?" Tambayarta ta farko ke nan.

"Malamai sun yi saɓani. Akwai masu hanawa, akwai masu sassautawa da sharuɗɗa. Ni ba mufti ba ne, nahawu nake karantawa."

"Amma kai a wurinka?"

"Ni a wurina yaro ya zo da abin yi ya watsar. Wannan ita ce maganata."

Ta juya tambayar ta kowace fuska, shi kuma ya tsaya a kan amsarsa. Da ya ga tana neman maimaitawa karo na biyar ya ce, "Baiwar Allah, ki bar zancen halal da haram. In kina son gaskiya, ni na je na ga malamar tasa."

Fatna ta ɗago kai. Wannan Rilwanu bai taɓa gaya wa kowa ba. Wata biyu bayan tafiyar Ishaq ya hau benen nan na Masar Jadida da niyyar ya ci wa tsohuwar mutunci. Ta zaunar da shi ta ba shi shayi, ta bar shi ya gama faɗansa. Sai ya tambaye ta abu guda: wannan yaron zai kai inda yake mafarki, ya zauna a babban dandali mutane su sayi tikiti su saurare shi? Ta cire tabarau ta ce a'a. Ta ce kunnensa kyauta ce daga Allah, naci kuma ba ta taɓa ganin irin nasa ba, amma masu kaiwa can suna farawa ne da shekara biyar ko shida, shi kuwa ya fara da goma sha takwas, yatsu sun riga sun ƙage. Zai zama malami nagari, zai iya raka mawaƙa da kiɗa, iyakarsa ke nan. Ya tambaye ta ko ta gaya masa. Ta ce ba yanzu ba.

Duk wannan Rilwanu ya zayyana wa kyamara a natse. Ya ce, "Kin ga ke nan ya saki karatu don abin da ita kanta mai koya masa ta san ba zai samu ba. Wannan ne ke hana ni sukuni. Ki sa shi a fim ɗinki."

"Tamam, ya yi," in ji Fatna, ba tare da ta rubuta komai ba. Ta duba takardarta ta ce, "Ishaq ya ce wata takwas yana tara kuɗin tafinta kafin ya sayi fiyanon da ka farfasa. Ya ce da ya sauka yana tsintar maɓallan, kana leƙowa daga sama kana dariya."

"Ƙarya ne! Ban yi dariya ba."

"Amma ka jefa."

"Na jefa."

"Ba ka ji kunya ba, ya Malam? Babba da kai, mai karatu, ka rasa abin da za ka yi wa ƙanenka sai ɓarna?"

Nan ransa ya tashi. A gidansa, gaban baƙo, mace ƙanwar bayansa take tambayarsa kunya. Ya miƙe tsaye yana nuna kyamara da yatsa ya ce, "Wallahi in na sake ganin wannan shaiɗanin abin a gidan nan zan sake jefa shi, in ya so shi ma ya bi bayansa! Gidanmu gidan malamai ne, ba mu gaji roƙo da kiɗa ba. Ya zubar mana da mutunci!"

Fatna ta dubi Hussain ta ce, "Khalas, an gama." Suka naɗe wayoyinsu suka tafi, shayin da aka zuba musu ko taɓawa ba su yi ba.

Wata tara babu labari. A watan Disamba sai ga saƙo a wayarsa daga lambar Ishaq, na farko tun rabuwarsu: za a nuna fim ɗin ranar Alhamis ƙarfe biyar a wani zauren al'adu da ke tsakiyar gari, an ajiye masa kujera. Ko gaisuwa babu a saƙon. Ya yi niyyar ƙin zuwa, amma ranar na yi ya tsinci kansa a cikin ƙaramar bas zuwa Ramsis, tsakiyar gari.

Zauren ya ɗauki mutum kamar ɗari da hamsin. Yawanci Misirawa ne matasa, sai Turawa kaɗan, sai ɗaliban Najeriya da Nijar da ba su wuce goma ba a can gefe. A gefen allon majigi an ajiye wani baƙin fiyano mai tsawo. Rilwanu ya ƙi kujerar da aka tanadar masa a gaba, ya zauna a layin ƙarshe kusa da ƙofa. Daga nan yana hango farin kan Madam Afaf, da ƙeyar Ishaq a gefenta cikin baƙar kwat da ta yi masa yawa a kafaɗa.

Aka kashe fitila. Sai ga Ishaq a allo yana hawa matattakala, yana shanya kaya a saman bene, yana cin ful, dafaffen waken Misirawa, a tsaye a bakin titi, yana maimaita wuri guda a kiɗa har sau ashirin tsohuwar na buga masa fensir a gefen fiyano. Ya rame ƙwarai. Rilwanu ya ji abin ya taɓa shi, ya gyara zama.

Can sai ga shi kansa. An ɗauko shi daga ƙasa, gemu ya cika allo, hanci a buɗe, littattafai jere a bayansa kamar katanga. Babu maganar saɓanin malamai, babu zuwansa wurin Madam Afaf. Daga miƙewarsa tsaye aka fara, aka ƙare a "ya zubar mana da mutunci," an rubuta fassarar da Larabci da Turanci a ƙasa. Duka bai fi sakan arba'in ba. Wani a gabansa ya yi tsaki, wata ta ce da Larabci, "Allah ya tsare mu da irinsu." Aka yi 'yar dariya.

Ya haɗiye wannan. Abin da ya biyo baya ne ya kasa haɗiyewa. An nuno Ishaq zaune a bakin katifa, waya a tafin hannunsa an buɗe mata murya, tana ta ƙara. Aka ɗauka. Muryar Malam Ya'ƙub ta cika zauren, da tarinsa na tsufa, da kukan awakin gidansu a bayansa.

"Wane ne?"

"Baba, ni ne, Ishaq."

Tsohon ya ce, "Ni ba ni da ɗa makaɗi. Ishaq ɗina yana wurin karatu, in ya dawo ya same ni." Muryar ta karye a kan kalmar ƙarshe, kowa ya ji, kafin wayar ta katse.

Rilwanu bai san sauran abin da aka nuna ba. Abin da ya sani shi ne mahaifinsa, mutumin da ko hoton fasfo sai da aka yi da gaske ya yarda aka ɗauka, yau ga rauninsa an baje wa mutum ɗari da hamsin da ba su san shi ba, kuma bai san an naɗa ba. Fim ya ƙare da Ishaq yana shiga ƙofar wata makarantar kiɗa da takardu a hammata, aka yi tafi aka kunna fitila.

Fatna ta hau dandali da Ishaq don amsa tambayoyi. Wani ya tambayi irin kyamarar da ta yi aiki da ita. Wata Baturiya ta ce jarumtakar Ishaq ta sa ta hawaye. Rilwanu ya miƙe bai jira makirufo ba, ya yi magana da Larabcinsa na makaranta, mai tsabta, wanda ya sa kowa ya waiwayo.

"Ni ne mutumin da kuka yi wa tsaki. Ina da tambaya ga mai fim. Wa ya ba ki izinin naɗar muryar mahaifina?"

Fatna ba ta girgiza ba. Ta ce, "Wayar Ishaq ce, rayuwarsa ce, shi ya ba ni izini."

"Muryar ma tasa ce? Tsoho yana gidansa a Malumfashi yana zaton da ɗansa yake magana, ashe da kasuwa yake magana! Ni kuma awa guda na yi ina miki bayani. Ina sauran?"

"Ban sa maka kalma ko ɗaya a baki ba, ya Malam. Kai ka faɗa, ko ba kai ba ne?"

Aka yi mata tafi. Wani saurayi ya ce ya zauna haka nan, wani ya ce a fitar da shi. Rilwanu ya nuna layin gaba ya ce, "To tunda gaskiya kuke so, ga malamarsa nan zaune. Ku tambaye ta abin da ta gaya mini a falonta. Ta ce yaron nan ya makara, yatsunsa sun ƙage, ba zai taɓa kaiwa inda fim ɗin nan ke nuna muku zai kai ba. Na faɗa wa kyamara, mai fim ta yanke don ba zai yi mata daɗin labari ba. Madam, na yi miki ƙarya?"

Yana rufe baki ya ga fuskar Ishaq. Ishaq bai dubi yayansa ba, tsohuwar yake kallo, bakinsa a ɗan buɗe.

Madam Afaf ta dafa sandarta ta miƙe a hankali. Ta juyo ta fuskanci Rilwanu ta ce, "Ba ka yi ƙarya ba. Na faɗa. A cikin gidana na faɗa maka, don na ɗauka kai yayansa ne da zai san lokacin da ya dace da yadda ya dace. Na yi kuskure a kanka." Ta dubi Fatna ta ce, "Ke kuma da kin nuna mini wurin wayar nan kafin yau, da ban zo ba." Ta koma ta zauna.

Mai gabatarwa ya rasa abin yi, sai ya karanta abin da ke takardarsa: yanzu Ishaq zai yi wa jama'a kiɗa. Rilwanu ya ɗauka zai ƙi. Ishaq ya taka zuwa baƙin fiyanon, ya zauna, ya goge tafukansa a wando, ya daɗe yana kallon maɓallan sannan ya fara.

Karo na farko ke nan da Rilwanu ya ji sautin abin da ƙanensa ke yi a gabansa, ba a allo ba, ba kuma ƙwas-ƙwas ba. Bai gane kan kiɗan ba. Babu waƙa, babu inda za a bi da ƙafa, abu ne mai hawa da sauka yana komawa inda ya baro, kuma ya yi masa tsawo. A tsakiya, wurin da ya yi sauri, hannun dama ya harɗe. Ko shi da bai san komai ba ya ji an yi tuntuɓe. Ishaq ya tsaya cak, ya koma baya kaɗan, ya sake shiga wurin ya wuce. Da ya gama aka tafa masa da ƙarfi, irin tafin da ake yi wa wanda aka tausaya wa. Ya ɗan rusuna ya sauka ta ƙofar gefe.

Rilwanu ya same shi a waje, jingine da wata mota da aka ajiye a bakin titi, ya cire kwat ɗin ya riƙe a hannu. Ana kiran isha'i a masallacin tsallake, motoci sun cushe suna ta oda.

"Ka huce yanzu?" in ji Ishaq da Hausa. "Ka fasa na lantarki, yau ka zo fasa ni a gaban mutane. Saura me?"

"Kai ka fara. Uban da ya haife ka ka ɗana wa tarko. Ka san abin da zai faɗa, shi ya sa ka kira shi gaban kyamara."

"Na kira shi ne ko zai ji muryata ya sauko."

"Ƙarya kake! In don haka ne me ya hana ka kira shi kai kaɗai?"

"Sau nawa na kira ni kaɗai? Ka taɓa tambaya? Kai da ka rubuta masa cewa na zama ɗan iska a Masar?"

"Abin da na gani na rubuta."

"Ba ka ga komai ba, Yaya. Ba ka taɓa zama ka ji ba sai yau, yau ɗin ma faɗa ya kawo ka." Ya murɗe kwat ɗin a hannunsa. "Kana tsammani ban san yatsuna ba? Ina zama a falonta ina jiran yarinya 'yar shekara tara ta gama, tana kaɗa abin da na yi wata uku ina fama da shi, tana yi tana hamma. Na sani. Amma ban taɓa ji daga bakin Madam ba, kuma muddin ban ji ba ina iya tashi da safe in tafi. Wannan ka ƙwace mini."

Rilwanu ya so ya ce gaskiya ce ai, kuma gara yau da gobe, amma abin da ya fito shi ne, "Ka sa ta cire muryar Baba."

"Kai ba ka da abin da za ka sa ni."

Sai ga Fatna ta fito da sauri, Hussain na biye da ita da kyamara a kafaɗa, jan fitilarta a kunne. Ishaq ya juya ya daka masa tsawa da Larabci ya kashe. Fatna ta ce wannan shi ne ainihin ƙarshen fim ɗin, ya bari a ɗauka. Ishaq ya sa tafin hannu ya rufe idon kyamarar ya ce in ba a kashe ba shi ma ya iya jifa. Hussain ya sauke. Ishaq ya ratsa tsakanin motoci ya tsallaka titi, bai waiwayi ko ɗayansu ba.

Cikin mako guda abin ya kai gida. Wani daga cikin ɗaliban ya ɗauki wurin wayar da salularsa, aka yi ta turawa har ya isa Malumfashi. Malam Ya'ƙub ya ji muryarsa a wayar wani maƙwabci. Ya kira Rilwanu, bai amsa gaisuwa ba, ya ce, "Kana garin aka yi mini wannan? Ashe duk ku biyun ban aika kowa ba." Tsohon ya yi wata biyu ba ya ɗaukar wayar Rilwanu shi ma. A Hay el-Sabi' kuwa wasu suka riƙa tare Rilwanu a ƙofar masallaci suna jinjina masa, wai ya tsaya wa addini gaban 'yan boko. Wannan ya fi tsakin zauren ƙona masa rai, har ya canza masallaci.

Daga baya ya ji cewa Ishaq ya yi kaca-kaca da Fatna, ya ce ko ta cire muryar tsohon ko ya janye izininsa gaba ɗaya. Ta cire bayan doguwar rigima, suka daina magana. Wurin Rilwanu kuwa an bar shi yadda yake, Ishaq bai nemi a taɓa ba. Haka fim ɗin ya zaga wasu bukukuwa a ƙasashen waje da gemunsa cike da allo. Ishaq ya nemi gurbin ƙaro karatun kiɗa a Turai sau biyu bai samu ba. Ya yi wata huɗu bai taka gidan Madam Afaf ba, sannan ya koma. Ita ta samo masa aikin koya wa yara a wata makaranta a Ma'adi, da raka ƙungiyar mawaƙa ranar Asabar.

A bazarar 2015 Rilwanu ya kammala, ya fara shirin komawa gida. Saura kwana uku tafiyarsa Ishaq ya turo saƙo su haɗu a kasuwar Ataba, bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ƙarfe biyu. Ya same shi tsaye cikin turmutsutsun masu talla da leda biyu a hannu. Ya ɗan yi ƙiba, ya sa tabarau.

Ishaq ya miƙa masa ledojin ya ce, "Wannan na Umma ne, mayafai da maganin gwiwa. Wannan jallabiya ce ta Baba."

Rilwanu ya leƙa ledar ya ce, "Ba zai karɓa ba in ya san daga wurinka take."

"To kada ka ce daga wurina take."

"Ba zan yi masa ƙarya ba."

"Na sani. Kai ai ba ka ƙarya." Ishaq ya faɗa yana kallon wani wuri daban. "Ka kai masa. In ya ƙi ka bayar sadaka."

Wani mai tura kaya ya yi musu ihu su ba da hanya, suka matsa jikin rumfar mai sayar da takalma. Rilwanu ya ce, "Ba za ka zo gida ba ke nan? Tsufa ya kama shi sosai."

"In ya kira ni zan zo."

"Kai ne ƙarami, kai za ka je."

"Yaya, ina da darasi ƙarfe huɗu a Ma'adi, sai na canza jirgi." Ya miƙa hannu. Rilwanu ya haɗa ledojin a hannu ɗaya ya ba shi ɗayan, suka yi musafaha a gajarce. Ishaq ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya gangara matattakalar tasha cikin jama'a.

Rilwanu ya juya cikin kasuwa. Akwatinsa ta riga ta cika, sai ya nemi wata ƙarama da za ta ɗauki kayan.